Rijiya, Mai Juya Hoto a Ɗakin Baya

Kafin a buɗe kowane shago a layinmu, shi ya riga ya iso. Daga bakin teburina na zare da maɓallai nake hango shi. Zai jingine kekensa jikin bango, ya zaro makulli daga aljihu, ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" Kafin in gyara zama in ba shi labarin abin da ya faru jiya a gidan mai wanki, ya shige. Ba a shagon gaba yake zama ba, inda aka jera hotunan amare a gilashi. Can ƙurya akwai wani ɗaki mara taga, da fanka mai kukan tsohuwar akuya, da kwamfuta biyu, da kanta cike da 'yan baƙaƙen akwatunan ajiyar hoto. Sai ya goge ƙura, ya wanke hannu kamar mai shirin karɓar haihuwa, sannan ya taɓa katunan kyamara da masu ɗaukar hoto suka ajiye masa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Likita ya ce idanunsa sun gaji da hasken kwamfuta. Na tambayi mai shagon ko za a yi masa ɗan taro, ya ce, "Taron me, Inna? Mutumin da ba ya son hayaniya?" To, ni ina so. Shi ya sa na ɗauki biro.

Mai kyamara kowa ya san shi, shi ne mai taka wa mutane ƙafa a wurin biki. Edita ma, yarinyar nan mai tabarau da ke yanka hoto tana haɗawa, sunanta na fitowa a ƙarshen kowane bidiyo. Shi kuwa yana tsakaninsu, ba a ganinsa, ba a rubuta shi. Ni kaina na daɗe ban san me yake yi ba, sai ran da na tare shi a ƙofa.

"Wai kai me kake yi ne a ɗakin nan, kamar kaza a kan ƙwai?"

Ya ce, "Inna, in za ki yi tafiya da 'yar ƙaramar jaka, yaya kike yi da kayanki?"

"In danna su, in hau kai in zauna, in ja zik."

"To, haka kyamarar zamani take yi wa hoto. Hoton babba ne, katin ƙarami, sai ta cusa shi. In aka kai wa Edita a haka, kwamfutarta ta dinga haki ke nan, hoto yana tsalle. Ni ne mai zazzage jakar, in warware kayan, in jera mata yadda za ta ɗauki wanda take so."

Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba, har na so in kawo masa ruwa.

Juyi suke ce wa aikin. Edita ta gaya mini ba danna maɓalli ne kawai ba. In ɗauka ta yi tsawo, kyamara daddatsa ta take yi, in ba a haɗa da kyau ba sai kalma ta zube a wurin haɗin. In aka juya ba daidai ba, mutum ya ɗaga hannu sai hannun ya yi haƙora kamar matsefi, ko baki ya yi gaba murya ta biyo shi a baya tana ɗingishi. Don haka duk abin da ya juya, sai ya sa abin ji a kunne ya kalle shi daga farko har ƙarshe. Ta ce, "Inna, tun da na zo shagon nan ban taɓa mayar masa da aiki ba."

Yanzu ku tsaya ku yi tunani irin nawa. Kowane taro na unguwar nan, ɗanyensa, tun ba a yanke komai ba, ta idonsa da kunnensa yake wucewa. Mai kyamara yakan manta bai kashe ba, ya ajiye ta a kan kujera, tana ta naɗar hirar mutane. Wadda ta kushe zanen uwar ango, da wanda ya cika aljihu da nama, duk ya san su. Ni kuwa mace ce mai son sanin lafiyar maƙwabta, abin da marasa tarbiyya ke kira gulma. A ce irin wannan taska tana tsallaken titi da ni!

Na kai masa shayi. Na sa masa maɓalli a riga ban karɓi komai ba. Har tarko na ɗana masa. Na ce, "Ai na riga na ji abin da matar direba ta faɗa a bikin nan, kai dai tabbatar mini."

Ya ce, "Tunda kin ji, Inna, ai kin fi ni."

Ranar na raɗa masa Rijiya, don abin da ya afka cikinsa ba ya fitowa. Sunan ya bi shi, har mai shagon da shi yake kiransa. Ita matar direban da bakinta ta gaya mini daga baya cewa ta je wurinsa roƙon ya rufa mata asiri, ya ce mata, "Hoto aka ba ni in juya, Hajiya. Sauran ba aikina ba ne." Kai ne ka san sirrin layi guda, Rijiya, kuma har yau kowa yana gaisawa da kowa.

Yana da wata doka da ta sha haɗa shi da mai shagon. Duk katin da ya shigo ɗakinsa, kafin ya yi komai sai ya kwashe shi gaba ɗaya, yadda kyamara ta ajiye, ya adana. Wannan asalin shi yake kira uwa. Ba ya goge uwa sai mai hoton ya ce da bakinsa a goge. Mai shagon ya yi ta mita: "Ka cika mini kanta da akwatuna, mutane sun karɓi aikinsu sun manta!" Shi dai sai ya ce, "Ba su ce a goge ba." Ni ma ina cikin masu yi masa dariya, sai da abin ya zo gidana.

Maigidana, Malam, kafinta ne. Ran da ya miƙa wa babban ɗanmu shagonsa, 'ya'ya da jikoki suka taru, mijin 'yata ya zo da sabuwar kyamara yana ji da ita. Aka zaunar da Malam a gaban teburin aikinsa, ya yi ta ba da labari: yadda ya koyi sana'a, da zarton da ya ci masa ɗan yatsa, da kujerar farko da ya yi wadda ta karye da mai ita. Washegari surukin nawa ya kai katin wurin Rijiya. Da aka ce masa juyin zai ɗauki lokaci, sai ya karɓe abinsa ya kai wa wani a kasuwa, aka matse masa shi nan take don ya shiga waya. Katin kuma ya goge ya ɗauki wasan ƙwallo a kai.

Abin da ya fito abin dariya ne. Fuskar Malam ta yi dishi-dishi, bakinsa ya gama magana ya rufe sannan murya ta iso, kamar wani ne a bayan ƙofa yake kwaikwayonsa. Muka yi dariya muka watsar. Me za mu yi da hoto, ga mai muryar nan kullum yana ce mini, "Ke dai ki bar mutane su huta"?

Shekara ba ta zagayo ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya tashi, alhamdulillahi, yana ji, yana gane kowa, amma magana ta tafi. Likita ya ce a bar shi ya huta. Ni kuma na tuna mutum ne da bai taɓa son surutuna ba, sai na kama bakina. In kai masa abinci, in gyara masa matashi, in fita. Gidanmu ya yi tsit, har agogon bango muka fara ji. Malam ya dinga ramewa yana kallon ƙofa. Wata rana na kunna hoton nan na waya don in ji muryarsa, na kasa kaiwa rabi. Ba shi ba ne.

Na tsallaka titi, karon farko ba shayi a hannuna. Na ce, "Ɗan nan, ko akwai yadda za a gyara wannan?"

Ya kalla kaɗan, ya ce, "Wannan ba ya gyaruwa, Inna. An zubar da rabinsa wajen matsewa." Sai ya miƙe, ya bi kanta da yatsa, ya sauko da wani akwati. "Amma uwar tana nan. Ba wanda ya ce in goge."

Kwana biyu ya yi a kai, wuta na ɗaukewa yana sakewa. Ya haɗa gutsattsarin ba tare da kalma ta zube ba, ya juya, ya miƙa wa Edita. Amma da na je, sai ya ce, "Akwai saura a ƙarshe da ban ba ta ba. Bayan kun tashi cin abinci an bar kyamara a kunne. Baba da abokinsa tela suna hira, ba su san ana ɗauka ba."

Kunnuwana suka miƙe. "Me suka ce?"

"Sai dai a tambayi mai muryar."

"Kai, Rijiya! Mutumin da ba ya magana?"

"Yana ji, Inna. Kuma yana da kan da zai gyaɗa."

"Ni fa matarsa ce! Na haifi sa'anka!"

"Na sani, Inna."

Da la'asar sai ga shi da ƙaramar kwamfuta a jaka. Ya cire takalmi, ya durƙusa gaban kujerar Malam, ya gaishe shi kamar yadda ake gaida mai lafiya, ba da ihun nan da mutane ke yi masa kamar kurma ba. Ya ce, "Baba, maganarka ce. Ka fara ji. In ka ce a goge, yanzu zan goge." Ya sa masa abin ji a kunne. Ina tsaye ina murza gefen mayafi. Sai na ga rabin fuskar Malam mai motsi ya fara rawa. Dariya yake yi! Rabon da in ga haka tun kafin ciwo. Ya dube ni, ya dubi Rijiya, ya gyaɗa kai.

Aka kunna. Ga Malam tas, har garin katakon da ke gemunsa ana gani, baki da murya tafiyarsu ɗaya. Tela yana cewa, "Rediyon gidanka har yanzu ba ta lalace ba?"

Malam ya ce, "Ina! Ko wuta ba ta ɗauke mata. Rabin labarin ƙari ne, na sani. Nakan yi kamar ina gyangyaɗi, amma ko ɗaya ba ya wuce ni. In ta je unguwa ta kwana, gidan sai ya zame mini kamar shago bayan an tashi. Ka ga in na ce ta bar mutane su huta? Don ta ƙara ne, in an hana ta ta fi daɗin labari. Kada ka gaya mata, kanta zai kumbura."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ce, "Au, Malam! Ashe duk shekarun nan barcin ƙarya kake yi mini?" Ya rufe ido, ya langaɓar da kai, wai shi mai gyangyaɗi. Kafin in juya in yi godiya, Rijiya ya sa takalminsa ya kai ƙofa.

Tun daga ranar, ina tashi daga teburina sai gaban kujerar Malam. In kwashe labarin layi kaf in zazzage masa, da ƙarinsa. In na tsaya shan ruwa sai ya buga hannun kujera, wai in ci gaba. Ya koma cin abinci. Likita ya ce maganinsa ne ya karɓe shi, na ce haka ne, don ba na musu da masu allura.

Kai ne ka riƙe mana muryar da mu masu ita muka yi sakaci da ita. Kai ne ka durƙusa ka nemi izinin mutumin da har 'ya'yansa suka fara yanke masa shawara a gabansa ba tambaya. Ba a taɓa rubuta sunanka a ƙarshen hoto ba, amma babu gida a layin nan da ba a kallon aikin hannunka. Rijiya mai zurfi, na gode. Malam ma ya gode, na ga yadda yake bin kekenka da ido ta taga. Allah ya sanyaya maka idanun nan da ka ƙarar a kan farin cikin mutane, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa na wasu.

Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, ku leƙa ɗakin baya kafin wata ya ƙare. Ku koyi adana uwa, ku koyi kallon aiki har ƙarshe, ku koyi kama baki. Na ukun nan ni ban iya ba, shi ya sa na san tsadarsa.

Shekaru ina jefa guga a rijiyar nan, labari ɗaya tak na samu, shi ma nawa ne. Kafin in rubuta shi sai da na yi yadda aka koya mini: na durƙusa gaban Malam na karanta masa, na ce, "In ka ce a yaga, yanzu zan yaga." Ya yi kamar yana gyangyaɗi. Sannan ya gyaɗa kai.