Tsohon da Ya Zo daga Gawo

Shekara tara na yi ina koyar da tarihi a wata sakandare ta ƙauye kafin rayuwa ta kawo ni Makka. A unguwar Kudai na samu aiki, a wani shagon shayi kusa da tashar bas. Abokan ɗakina 'yan Bangaladash ne, mutanen kirki, amma hirarmu ba ta wuce "kef halak" da "alhamdu lillah". Sai in yi mako ban yi Hausa da kowa ba.

Shekarar da yaƙi ya ci arewacin Mali, wata rana bayan la'asar wani tsoho ɗan Umara ya zauna a bencin shagon, motar ayarinsu ta tafi ta bar shi. Na miƙa masa shayi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kana jin Hausa?" Hausarsa ta fatake ce, ya koye ta wajen sayar da busasshen kifi a Nijar.

"Baba, daga ina?"

"Gawo."

Na ajiye butar. Gawo, babban birnin daular Songhai! Na sha zana shi a allo, ban taɓa ganin mutumin can ba. Bakina ya ɓalle. Na ba shi labarin yadda masunta da manoman bakin kogi suka yi ƙarfi har suka ci Tambutu, gishiri na sauka daga arewa, zinariya na hawa daga kudu, malamai na shari'a, bayi na noma gandun sarki. Na faɗa masa yadda 'ya'yan sarki suka yi ta cin junansu a kan gadon mulki, har mayaƙan Maroko suka keto sahara da bindigogi. Mutanen Songhai suka kora musu garken shanu, ƙarar bindiga ta juyo da shanun kan masu su.

Yana ta gyaɗa kai. Da na tsaya ya ce, "Kabarin ɗaya daga cikin sarakunan, ginin ƙasa, yana nan, muna salla a gefensa. Sauran ban sani ba, Malam. Ni dai matata na can, kuma layin waya ya mutu."

Na ƙara masa shayi, muka zauna muna kallon motoci. Can ya tambaye ni ko ina da iyali. Na ce suna gida, rabona da su shekara uku.

"Allah Ya sada mu da namu," in ji shi.

Gab da magariba jagoran ayarinsu ya zo yana faɗa, ya kama hannunsa. Tsohon ya waiwayo sau ɗaya daga ƙofar mota. Mai shagon ya ƙwala mini kira da Larabci, wai kofuna sun taru. Na koma ciki na kunna famfo.