Takalman Gligor

Rubuta, Doina, kuma kar ki gyara mini magana. Saveta mai kai wasiƙu ce ta fara ba ni labarin Ilarie, shekarar da na tare a ƙauyen nan na bakin kogin Danub. Ta ce, "Akwai wani masunci a ƙarshen layinku, in na miƙa masa wasiƙa a tsaye yake karantawa, ya ƙyasta ashana ya ƙone ta a gabana."

Daga baya na ji dalili. Zamanin da aka rufe iyaka, ƙanensa Gligor ya tuɓe takalmansa a bakin ruwa ya yi iyo ya tsallake. 'Yan sandan ciki suka binciki gidan, suka sami wata 'yar takarda mai adireshi a cikin hular Ilarie. Kwana goma sha ɗaya ya yi a hannunsu. Tun daga nan bai ƙara ajiye rubutu ba. Bai yi aure ba. Shi da komarsa da kyanwa ɗaya. Ni kaɗai nake shiga gidansa, mu ci mamaliga, tuwon masararmu, da cuku. Ya kan ce, "Kai na yarda da kai, Pavel, tunda ko sunanka ba ka iya karantawa."

Da aka kawo kwamfuta ɗakin karatu na ƙauye, ya je ya tsaya a kan Otilia mai kula da wurin.

"'Yar nan, wannan abin yana tuna inda mutum ya shiga?"

"Yana tunawa, kawu. Amma akwai wurin da ake hana shi."

"To hana shi."

"Duka? Ai gobe sai ka sake nema daga farko."

"Duka. Na fi shi ƙwaƙwalwa."

Ta saita masa yadda da ya rufe shafin, sawunsa ya goge. Duk Talata sai ya je, yana danna haruffa da yatsa ɗaya, yana neman Gligor. Kafin ya tashi sai ya sa ta buɗe ta nuna masa babu komai, har ta riƙa tsokanarsa: "Kawu, ko budurwa kake ɓoyewa?" Shekara huɗu ana haka.

Wata Talata ya zo har gona ya ja ni da hannu zuwa ɗakin karatun. A gilashin kwamfutar na ga hoton wani tsoho a ƙofar shagon gyaran taya, ƙofar shuɗiya, kunnuwansa fato-fato irin na Ilarie. Ya canza suna, shi ya sa aka daɗe. Ƙarƙashin hoton ga rubutu layi uku.

Na ce, "Ka sa Otilia ta rubuta maka a takarda."

Ya buga goshinsa. "Yana nan."

"Goshin ɗan shekara tamanin? Jiya ma ka bar tabarau a cikin kwandon kifi."

"Tabarau ba ƙanena ba ne."

Ya rufe shafin. Ya sa ta duba, babu komai.

Ashe takalman nan yana ajiye da su shekara arba'in, yana shafa musu mai. Ya naɗe su a takarda mai kauri ya ɗaure da zaren koma. Ya ce ba zai rubuta adireshin ba sai a kan teburin gidan waya, ran Litinin, ya miƙa nan take. Ran Asabar Saveta ta same shi a zaune a bakin ƙofa, allurar ɗinkin koma a hannu, ya riga ya yi sanyi.

Bayan an binne shi na je wurin Otilia. Ta buɗe nan, ta buɗe can, ta juyo mini da gilashin. Fari fat. Ta ce, "Yadda ya ce in yi, haka na yi, kawu." Ta tambaye ni sabon sunan, ko garin, ko ƙasar ma. Waccan Talatar na kalli layi ukun nan da idona, amma a wurina ƙafar tururuwa ce.

Ƙunshin yana bisa kabad ɗin can, bayan kwalaben zuma. Wajen adireshin babu komai. Rubuta cewa ƙofar shuɗiya ce, da tayoyi uku a jingine ta hannun hagu.