Inda Katanga ta Kauce wa Mangwaro

Har yau in na ji ƙanshin farar ƙasa a jikin bango, raina ba ya kwanciya. Ranar da baba ya kwaɓa ta a bokiti ya hau shafe gidanmu, ba Kirsimeti ba, ba biki ba, ranar kaka ta gane sayar da gidan zai yi.

Gidan yana wani ƙauye ne a hanyar Bwari, a shekarun da ake kwaso ma'aikatan gwamnati daga Legas mota-mota. Gonakinmu sun riga sun shiga taswirar sabon birni, an kafa musu duwatsu masu lamba. Manomi ba gona, me ya rage masa? Baba ya sami fili can wajen Uke, yana so ya sayar mu koma. Kowa ya yarda ban da kaka, mahaifiyarsa. Ba ɗakunan ne suka dame ta ba. A bayan ɗakinta, ƙarƙashin wani mangwaro, kakanmu yake kwance, don mu Gbagyi ba mu kai babban mutum nesa da gida. Baba mai zuwa coci ne, amma bai taɓa hana ta zuba ɗan burkutu a gindin bishiyar ba in an ci sabuwar doya.

Ka san tsofaffin nan da in ka gaishe su da fara'a sai su tambaye ka me kake nema? To haka kaka take. Ko gishiri za ta saya sai ta ɗanɗana, ta harari mai talla. An ce ni na gado ta, ban kuma taɓa musawa ba.

Mai saye na farko ya zo da rani, cikin farar mota, tare da wani dillali da ke kiransa oga a kowace gaɓa. Takalminsa bai shiga ɗaki ko ɗaya ba. Ya tsaya a tsakar gida yana duban titi, ya sa direbansa ya taka daga bango zuwa bango. Baba ya faɗi kuɗi, irin wanda ake faɗa don a rage, yana jiran a taya ya ce albarka. Mutumin bai taya ba, ya ce ya saya. Sai dillali ya rage murya kamar a gidan makoki, ya yi bayani: gwamnati tana karɓar haraji a kan sayen gida, kuma akwai wani mataki da in kuɗin ya haura shi, harajin yakan yi tsalle. Don haka za a raba gidan biyu, ɗakuna daban, filin baya daban, kowanne ya tsaya ƙasa da matakin. “Ai duk ɗaya ne, baba, kuɗinka cif,” in ji shi.

Baba ya raka su har mota yana washe baki. Kaka tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗaga kai ba sai da ƙarar motar ta ɓace.

“Ya leƙa rijiya?” ta tambaye shi da yarenmu.

“Bai leƙa ba.”

“Ya tambayi ɗakin da ke yoyo da damina?”

Baba ya girgiza kai.

“Wanda zai kwana a gida, aibinsa yake nema. Wannan ƙasa ya zo saye. Ranar da ya yanke bayan gida daban, ranar zai kawo katafila a tone ubanka a yi shago.”

Daga nan gidan ya ɗauki zafi. Baba ya daina cin abinci kusa da ita. Dillali ya yi ta zarya, kowane zuwa da ƙarin kuɗi, kowane ƙari kuwa sai ya daɗa tabbatar wa kaka da cewa da walakin, goro a miya. Hadari ya fara haɗuwa, ga mu ba gona a nan, ba ɗaki a Uke. Na ji haushinta ƙwarai a lokacin, don ina ganin baba yana ramewa.

Ana cikin haka sai ga wani ma'aikacin jinya, mutumin Filato, wanda aka yi wa canjin aiki. Daga tashar Jabi suka zo a motar haya, shi da matarsa mai tsohon ciki. Wannan kam bai bar komai ba. Ya ja ruwan rijiya ya kurɓa, ya ce yana ɗanɗanon ƙarfe. Ya ƙwanƙwasa azara ya ce gara ta cinye ta. Matar ta shiga madafa ta fito tana tari, ta ce hayaƙi ba shi da hanyar fita. Tayin da ya yi kuwa, har sai da baba ya miƙe tsaye don ɓacin rai. Na dubi kaka, na ga ta ture kwaryar gyaɗa gefe tana saurare.

Suka yi ta ja da baba, mutumin ya tafi ya dawo, har ya kai inda ya ce ba zai iya wucewa ba, don in ya ƙara ko kaɗan zai haura matakin nan, harajin ya karya shi. Baba ya ce albarka. Sai kaka ta tashi da sandarta, ta ja layi a ƙasa daga kusurwar ɗakinta, ta zagaye mangwaron. Ta ce da Hausarta ta kasuwa: “Oga, wannan gefe ba na sayarwa ba. Cire shi, kuɗi ya sauka, gwamnati ya ci nasa kaɗan. Mai farar mota ne ta koya mini.”

Da aka gaya masa wanda ke kwance a wurin, mutumin ya cire hularsa. Ya ce, “Mama, ni ma na baro nawa uban a bayan gida. Ba mai taɓa shi.”

Kana tsammanin ta yarda? Cewa ta yi alkawari a baki ba ya tsada. Sai da aka kira mai unguwa da dattawa suka tsaya a kan layin, ta dasa bini-da-zugu a gabansu da hannunta. Baba ya karɓi kuɗin da bai kai na mai farar mota ba ko kusa. Daminar farko a Uke, a ɗakin ciyawa muka yi ta, ruwa yana ɗiga mana a tabarma, baba yana tsaki, kaka tana barcinta.

Da ta rasu, gindin mangwaron nan muka mayar da ita, gefen mijinta. Matar ma'aikacin jinyar ce ta dafa wa masu haƙa abinci.

Yanzu birni ya haɗiye ƙauyen. 'Ya'yan ma'aikacin jinyar sun sayar, an yi rukunin gidaje masu doguwar katanga da waya a kai. In ka bi katangar za ka ga ta miƙe sambal, sai ta zo wani wuri ta kauce, ta zagaye mangwaro, sannan ta ci gaba. Baba ya tsufa, ni ce babba, don haka ni dillalai suke nema. Na baya-bayan nan ya same ni a gindin bishiyar ina shara. Yaro ne mai ladabi, yana ta kirana mama, ya ce in faɗi ko nawa ne, ogansa ba ya ciniki. Na tambaye shi ko ya san su wa ke kwance a nan. Ya ce ai za a san yadda za a yi, idonsa yana kan titi.

Na ce masa albarka, na ci gaba da sharata.