Kwarin Jan Dutsen da Malam Ya Ce Ya Gani

'Yar autata ce take rubuta mini wannan, don ni ban yi karatu ba. Na ce mata idan na yi kuka ta ajiye biro ta jira ni. Yau wata bakwai da rasuwar Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, kuma har yanzu idan zan zuba tuwo sai in ga na ɗauko kwano biyu.

Malam dillali ne a Kasuwar Shanu. Kafin nan, yana saurayi, ya yi korar shanu a ƙafa zuwa kudu. A wannan tafiyar ce ya ce sun taɓa ratsa wani kwari can bayan Biu, duwatsu dama da hagu, ja wur kamar an yanka sa an shafe su da jinin. Ni kuwa a Zabarmari na tashi, 'yar manomin shinkafa, aure ya kawo ni unguwar Mairi. Duk abin da na sani mai tudu shi ne suri da tarin buhuna. Dutse a wurinmu sai na niƙa, shi ma kawo shi ake yi daga nesa. Sai in ce masa dillali ne, bakin da ke mayar da tsohuwar saniya karsana ba zai rasa yi wa dutse lalle ba. Shi kuma ya kira ni 'yar fadama, wadda ba ta san komai ba sai kwaɗi. Abin da ya ƙara ɓata masa shaida, duk lokacin da ya ba da labarin sai duwatsun sun ƙara tsawo. A shekarar aurenmu sun kai bishiyar kuka. Da muka aurar da 'yarmu ta biyu, gajimare na zama a kansu.

Haka muka yi shekara arba'in da wani abu. Sai idanunsa suka tafi, a hankali, har ya daina fita kasuwa. Wata rana wani abokinsa ya zo gaishe shi, ya tsokane shi ya ba da labarin kwarin nan. Ina daga ɗaki na ji Malam ya ce a bar zancen, wataƙila ma mafarki ya yi, a tambayi Hajiya, wato ni, ita ta fi shi sani. Bai faɗa da dariya ba. Ranar na kasa cin abinci. Mutumin da ido ya tafi, abin da ya gani a da shi ne kawai ya rage masa, ni kuma na bi na tsinke masa shi da bakina. Na yi niyya sai an kai mu wurin, in gani, in faɗa masa.

Matsalar ita ce mutum ɗaya ke da mota a gidanmu, ɗana na fari. Mu a tarbiyyarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ya haura arba'in, yana da furfura a gemu, amma ban taɓa ce masa ko "kai" ba. Idan ya gaishe ni, bango nake amsa wa. Don haka autar nan na aika ta gaya masa. Ya ce hanya ta yi sauƙi yanzu, za a iya zuwa.

Muka fita bayan asuba mu uku. Malam a gaba da babbar rigarsa ta Juma'a, ni a baya da kular dambu da soyayyen nama. Tun kafin mu kai Damaturu rigima ta tashi. Yaron ya tambayi nisan wurin, Malam ya ce zango goma sha ɗaya ne idan shanu ba su rame ba. Yaron ya ce mota ba ta san zango ba. Malam ya ce to wannan laifin motar ne.

Bayan mun wuce Biu abin ya ƙara rikicewa. Malam ya san hanya amma ba ya gani. Yaron yana gani amma idonsa na kan ramukan titi. Ni kaɗai ke da ido a sake, kuma ba na magana da direba. Sai in ce, "Malam, ga wata hanya ta yi hagu," shi kuma ya juya ya ce wa ɗansa, "Uwarka ta ce ga wata hanya ta yi hagu," kafin nan mun wuce ta. Sau uku muna komawa da baya. Malam ya ce a nemi wata tsamiya mai rassa uku da rijiya a gindinta. Inda ya kwatanta muka tarar da gidan mai. Muka tambayi masu sayar da rake a bakin titi, suka ce duwatsu ai ga su nan ko'ina, wanne muke so. Malam ya sa hannu biyu a kan gwiwa. Can ya ce a juya gida, kada a ƙone wa yaro mai a banza.

Yaron ya fara neman wurin juyawa. Nan na hango, ta tsakanin karan dawa, wani gefen tudu da bai yi kama da sauran ba. Na ce wa Malam ya ce masa ya bi burtalin nan na dama. Malam ya ce shi ya gama aikin ɗan aike, idan ina da magana ga ɗana nan. Na dubi ƙeyar yaron. Na dubi burtalin yana wucewa.

"Kai," na ce, "bi dama."

Sai da motar ta mutu. Ya tashe ta, ya bi dama.

Hanyar ta yi ta gangara, yashi na jan taya, har muka shiga tsakanin duwatsun. Ba su kai gajimare ba, wannan kam na faɗa, ƙari ne irin na Malam. Amma ja ne. Wani wuri kamar jan barkono, wani wuri kamar lalle ya kwana biyu a tafin hannu, da layi-layi fari a jiki. Babu ciyawa sai ƙaya nan da can, ƙasan ma ja ce. Iska ta sassaƙe wasu kamar tukwane a kife. Na fito na tsaya, kaina ya yi ta juyawa saboda ban saba ɗaga wuya haka ba.

Muka fito da Malam, muka kai shi jikin dutsen ya dafa. Ya daɗe yana shafawa. Yaron ya gane, ya ce zai je ya duba taya, ya yi nisa.

"To, 'yar fadama," in ji Malam, "wane launi ne?"

Na ce da ɗan ja-ja.

"Ɗan ja-ja," ya maimaita.

Na ga leɓensa na motsi, sai wasan ya fita daga raina. Na ce masa ja ne wur, yadda ya faɗa tun ina amarya, kuma ni ce ban san duniya ba. Na bi dutsen ɗaya bayan ɗaya ina gaya masa kamanninsu, yana gyaɗa kai, yana gyara mini inda ya ce na yi kuskure. Da na gama ya ce kunnensa na hagu bai ji farkon maganar ba, in sake. Na sake. Muka yi azahar a wurin, muka ci dambunmu a inuwa, ya ci fiye da yadda ya ci a wata guda.

Bai kai damina ta gaba ba. Amma a 'yan watannin da suka rage masa, ya sa ana kai shi kasuwa duk mako, ya zauna a rumfar abokansa. Ranar sadakar uku suka shigo yi mini gaisuwa, wani tsoho a cikinsu ya ce Malam ya ba su labari, wai da na ga duwatsun sai na durƙusa a gabansa na nemi gafara har sau bakwai. Na yi dariya a cikin takaba, hawaye na zuba, mata na kallona. Ban durƙusa ba. Amma ban ƙaryata shi a gabansu ba, na ce haka aka yi.