Dattijo da Bututun Ruwa

A matakalar asibiti nake kallonsa, dattijo siriri, katin ganin likita soke a hula. Yatsunsa sun lanƙwashe; da alama tsohon tela ne, almakashi ya gama da su. Yana ɗora hannu a kan ƙarfen riƙewa, faffaɗa kamar benci, sai ƙyalli. Yatsun sun kasa zagaye shi. Sai ya koma jikin bango ya damƙi siririn bututun ruwa, wanda hannayen jama'a suka cinye fentinsa, yana hawa sannu a hankali.

Mai gadi ya ce, "Baba, ga ƙarfen riƙewa can."

Ko waiwaye bai yi ba. "Na gan shi, ɗana. Wanda ya ƙera shi bai taɓa faɗuwa ba."