Yayen Sale

Duk wanda aka haifa a Garin Ɗanbaba, arewa da Kanan-Bakashe, tun kafin yunwar saba'in da uku har zuwa shekarar da idonta ya mutu, kakata Zara'u ce ta yanke masa cibi. Ni ma ita ta yanke mini. Abin da ya raba ni da sauran shi ne, ni tun ina ciki aka roƙe ta ta zubar da ni, ta ƙi. Don haka in kun ji ina faɗa a kanta, ku bar ni in yi, ina da dalili. In kuwa wani ne ya zage ta a gabana, to, ku riƙe ni.

Iya muke ce mata, gari duka. Doguwa ce baƙa, mai manyan hannuwa, ba ta dariyar banza. Tara ta haifa, uku suka rayu, uwata Rakiya ce ƙaramarsu. Biyu daga cikin waɗanda ta rasa, a waccan yunwar suka tafi, ƙyanda ta same su ciki babu komai, ta rufe su a mako guda. Tun daga nan ba ta jure jin an ce wa mace haihuwarta ta isa.

Kada ku ɗauka mai gardamar banza ce. Da soja suka karɓi mulki aka kwashi ungozomomi zuwa Mayahi aka yi musu horo, har da ita. Ta dawo da akwatin ƙarfe, da almakashi da sabulu da maganin ɗigawa a idon jariri. Ta ajiye tsohuwar askarta, ta ce almakashin ya fi, don ta gani da idonta. Amma da aka fara faɗa a rediyo wai jama'a ta yi yawa ƙasa ba za ta iya ci da su ba, har ana raɗe-raɗin za a kawo ƙwayar hana haihuwa likita, wato asibiti, sai ta murtuke. Ran da mutanen kumandan, wato jami'an gwamnati, suka tara mata gindin gawo don wannan magana, ita kaɗai ta miƙe.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, can da ana karɓar lanho, harajin nan na kan kowane kai, ba wanda ya taɓa cewa mun yi yawa. Ku zo in zagaya da ku maƙabarta, ku ga ƙananan kushewu, sannan ku maimaita."

Maigari ya yi ta harararta, ko a jikinta. A wurinta tazarar haihuwa ba baƙon abu ba ce, kakanni sun bar mana ita: mace ta shayar da ɗanta shekara biyu, miji ya kama kansa. Wadda ta yi ciki tana goyo, an ce ta yi rurrutsa, kuma abin kunya ne, har waƙa ake yi mata a bakin rijiya. Dokar rurrutsa ɗaya ce, ba a tattauna ta. Nonon mai ciki mugun nono ne, yana sa wa yaro tamowa, wato ya rame ya kumbura ya lalace. Ran da aka gane cikin, ran nan ake cire yaro daga nono a kai shi yaye gidan kaka. Iya ta yarda da wannan kamar yadda ta yarda da fitowar rana.

Sai ga shekarar tamanin da huɗu. Uwata na goyon ɗanta na fari, yayana Sale, wanda ban taɓa gani ba. Babana Halilu ya dawo daga ci-rani da damina don ya yi shuka. Aka shuka, hatsi ya fito ya ƙone. Aka sake, ya sake ƙonewa. An rufe iyakar Najeriya, amma haka ya bi ta daji ya koma neman abin da za a ci. Ya tafi ya bar rumbu wayam, ya bar uwata da ni a ciki. Allah ya jiƙan Baba, amma a wannan kam bai kyauta ba, kuma shi ba wanda ya yi masa waƙa a rijiya.

Sale bai cika shekara ba, rarrafe yake. Uwata ta sami Iya a bayan ɗaki tana sauya ruwan anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Ta durƙusa ta ce, "Iya, na yi ɓatan wata."

Iya ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Tun shekaranjiya na ga wuyanki."

Ku tuna Sale ɗan fari ne. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Na kaka ne. Iya kuwa mijina take ce masa, irin wasan kaka da jika. Saboda haka uwata ta ce, "In aka cire mijinki daga nono a wannan shekara, mi zai ci? Anza? Iya, kin san saiwar da ake jiƙawa. Ki ba ni. Na cikin ba wanda ya gan shi, wannan kuwa ga shi yana rarrafe."

Iya ta ce, "Allah ya gan shi." Ta ɗaga hannunta jiƙe da ruwan anza. "Da wannan nake tarbar su. Ba zan kashe da shi ba, ko da ke ce uwata ba ɗiyata ba. Kuma in na ji kin je wurin wata, na yafe ki."

Uwata ba ta haƙura ba. Ranar kasuwa ta goya Sale ta taka har likita. Majon da ke wurin, wato malamin jinya, ya duba ta, ya ce kada ta kuskura ta yaye shi, ciki ba ya ɓata nono, ta ci gaba da ba shi, ita kuma ta ci duk abin da ta samu. Ta dawo da sauri kamar wadda ta tsinci dami, ga hanya ta samu, ba a taɓa ciki ba, ba a taɓa yaro ba. Iya ta saurare ta har ƙarshe.

Ta ce, "Mutanen da ke cewa mun yi yawa, su ne za su koya mini yadda yaro ke rayuwa? So suke a rasa biyun. Ni na wanke yaran da tamowa ta kashe, ba labari aka ba ni ba. Kusan dukansu 'ya'yan rurrutsa ne."

To ai dole! Yaran da aka fizge daga nono rana ɗaya aka ɗora musu kunu, ba dole su lalace ba? Nan ne nake jin kamar in kama ta in girgiza. Mace mai hankali irin Iya, wadda ta san almakashi ya fi aska, ta kalli gaskiya ta juya mata baya don kawai ba ta son bakin da ya faɗe ta. Amma fa ku sani, ba mugunta ba ce. Tsoron kashe shi take yi.

Da safe ta zo da ɓawon maɗaci jiƙaƙƙe ta shafa wa uwata a nono. Sale ya kama, ya saki, ya tsala ihu. Iya ta saɓa shi a baya ta ɗaure, ta ce, "Taho mijina, yau gidana za ka kwana." Gidanta na ƙarshen gari ta yamma, namu na gabas. Dokar yaye, uwa ba ta leƙawa sai yaro ya manta da ita.

Nonon uwata ya cika ya yi tauri har zazzaɓi ya kama ta. Sai ta zagaya bayan danga ta tatse shi a ƙasa, ta tura rairayi da ƙafa ta rufe. Ita ta gaya mini wannan da bakinta, sau ɗaya tak, ina budurwa. A shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, ita tana binne nono a rairayi, ɗanta na can ƙarshen gari yana kukan yunwa.

Iya ta yi duk abin da ɗan Adam zai iya, wannan kowa ya shaida. Ta sayar da akuyarta, ta sayar da zanenta na saƙi. In an ji motar taimako ta iso Kanan-Bakashe, ita ce a gaban layi da Sale a baya. Jar dawar da ake ba ta, ta daka ta tankaɗe ta dama masa kunu, ita ta ci dusar. Amma cikin jariri bai san jar dawa ba. Zawo ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya fara zuba. Iya ta duba ta ce, "Kun gani ko? Ya riga ya sha mugun nonon kafin in ɗauke shi." Maƙwabciyarta Fadimatu ta ce ko a mayar da shi ga uwarsa a gwada. Iya ta ce a mayar da shi ga abin da ya kwantar da shi? Ko da an mayar ma, a lokacin nonon ya ƙafe.

A bayanta ya cika. Da hantsi ne, tana daka, tana yi masa 'yar waƙa don ya yi shiru, ya kuwa yi shiru. Fadimatu ce ta leƙo ta kan danga ta ga yadda kansa ya langaɓe, ta ce, "Iya, sauke yaron nan." Iya ta ci gaba da daka. Sai da Fadimatu ta shigo ta riƙe taɓaryar.

Da aka gaya wa uwata, ba ta yi kuka ba. Ba a kukan ɗan fari a gaban mutane, kuma gidan cike yake da masu gaisuwa. Ta ce, "Allah ya sa mai ceto ne," ta tashi ta ba baƙi ruwa. Mata suka yi ta yaba kunyarta.

Aka haife ni ana gab da shuka. Da naƙuda ta kama uwata ta ce a kira kowa ban da Iya, amma wa ke akwai? Iya ta zo da akwatinta, ta tarbe ni, ta yanke cibi, ta ce, "Mace ce, kuma lafiyayya." Uwata ta juya fuska ga bango. Aka sa mini Salamatu. Na sha nono har ina gudu ina tsiwa, na kusa shekara uku, kuma ba mahalukin da ya isa ya ce a yaye ni, har Iya.

A bakin rijiya na fara jin labarin, wata yarinya muna faɗa ta ce ni na ture yayana daga nono. Na fasa mata baki, sannan na tafi wurin Iya na tambaye ta. Ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Je ki ɗebo mini ruwa." Tun ran da aka rufe shi ba wanda ya sake jin sunansa a bakinta. Tsakaninta da uwata kuwa sai gaisuwa da sannu. Da idon Iya ya mutu, uwata ce ke kai mata fura kullum, ta wanke mata kaya, ta share ɗaki, ta fito. Ba faɗa, ba hira. Ƙwayar likita kuma Iya ba ta daina tsine mata ba har ta koma ga Allah.

Shekara ta dubu biyu da goma, wasu sojan suka sake karɓar mulki, damina kuma ta riga ta ci amanar mutane. Ina aure a Tasawa, ina goyon ɗana Inusa, ko haƙori bai gama fitarwa ba, sai na yi ɓatan wata. Wallahi da na gane, ban tsaya wata-wata ba. Na hau motar kasuwa na tafi gida da shirin faɗa, don na rantse ba mai raba ɗana da nono, ko Iya ce.

Na same ta zaune kan tabarma, ta zama ƙashi da fata. Ta shafa fuskata, ta gangaro wuyana, hannunta ya tsaya.

Ta ce, "Ke ma?"

Na ce, "Ni ma, Iya."

"To, ki ji. Cikin nan, ko da wasa kada ki bari wani ya ba ki wani abu ki sha."

Na ce na ji. Ina jiran sauran, na ƙulle hannu a kan majanyi. Sai Inusa ya farka a bayana ya fara kuka. Iya ta karkata kai tana saurare.

Ta ce, "Mi kike jira? Sauke shi ki ba shi."

"Iya, nonon ciki ne fa."

"Na ce ki ba shi. Ki yi ta ba shi har ran da za ki durƙusa." Ta lalubo ƙafar yaron ta riƙe, tana latsa ta da babban yatsa kamar mai neman kumburi. Can ta ce, "Haka Sale yake kuka."

Ban san uwata na tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar fura ba. Ta ajiye ƙwaryar a hankali, ko ɗigo bai zuba ba, ta zagaya bayan ɗaki. Sai muka ji wani irin kuka da ban taɓa ji a bakin babban mutum ba, har maƙwabta suka fara leƙowa. Na yunƙura zan tashi da yaro a nono, Iya ta danne mini gwiwa.

Ta ce, "Zauna. Ku ƙyale ta. Ɗan fari ne, ba ta samu ta yi ba."