Tsohon Masunci a Gidan Kifi

Shekara talatin Baba Masunci ya yi yana jefa koma a kogi, kafin ciwon gwiwa ya raba shi da kwale-kwale. Sai ya samu aikin ciyar da kifaye a katafaren gidan da 'yan yawon buɗe ido ke kallonsu ta bayan gilashi. Matarsa takan tsokane shi, wai da su ke ciyar da shi, yanzu ya zama baransu.

Wata safiya ya ga babban kifin da kowa ke ɗauka hoto yana goga cikinsa a duwatsu. Ya nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, kifin nan ba shi da lafiya. A canza masa ruwa."

Manajan ko kai bai ɗaga ba. "Baba, na'ura ta ce ruwan ƙalau yake. Kai dai zuba abinci."

Sau uku yana komawa, har aka laƙaba masa Sarkin Naci. Ran na shida kifin ya juya ciki sama. Shi aka sa ya tsamo shi, yana jan raga yana ƙwafa, kuma aka ja masa kunne: duk baƙon da ya tambaya, ya ce an mai da shi wani gidan.